In yaro ya komo daga karatu da shakka cikin zuciya

Maganar yau tana da nauyi. Irin maganar nan ce da ake yi ƙasa-ƙasa cikin zaure, don kada maƙwabta su ji. Mu kuwa ga shi mun sa ta cikin takarda, don rufe miki da riga ba shi warkar da shi.

Ga yadda abin ke zuwa. Kana da yaro. Tun shina ƙarami ka kai shi makarantar allo. Da anka zo rubuta yara, ka ba da shi lakwal. Ya wuce koleji, ya wuce lise, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Ya ci jarrabawar bak. Ranar da labari ya iso gari, uwarshi ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ka kai akuya kasuwa, ka yi mashi guzuri, ya hau mota sai jami'a.

Damana ta faɗi, ya komo hutu. Fuskar tashi ce, muryar tashi ce, amma yaron ya sake. Ana kiran assalatu shina kwance. In ka yi magana shi tashi shi yi alwala, amma kana gani ka san don idonka ya yi. Ran nan kuna cin tuwo, sai ya ce: "Baba, da a wata ƙasa anka haife ni, cikin gidan da ba na musulmi ba, yau wane addini nike bi?" Loma ta tsaya maka a wuya.

Karatun ma da kake taƙama da shi, ya fita ranshi. Ka tambaye shi labarin jami'a, shi ce ɗaki ya cika har wasu na tsaye waje, kuɗin burs ba su zuwa kan lokaci, waɗanda sunka gama gabanshi suna zaune fada suna shan shayi da takardunsu cikin akwati. Ya tafi da abu biyu a hannu, imani da buri. Ya komo kamar duka biyun sun zube a hanya.

To mi za ka yi?

Masu ba da shawara ba su ƙaranci a gari. Wani shi ce ka ɗauki sanda. Wani shi ce iskoki ne, a yi mashi rubutu da turare. Wani kuma, wanda dama tun farko bai so lakwal ba, shi ce: "Ai na gaya maka. Maza ka fidda ƙannenshi tun ba su lalace ba." Kafin ka bi ko ɗaya cikinsu, ina so ka ji labarin wani mutum. Sunanshi ba baƙo ba ne wajen malamanmu. Je ka tambayi limamin garinku ko ya san Imamu Gazali, za ka ga ya gyara zama.

An haifi Abu Hamid Gazali a shekara ta 1058, a wani gari mai suna Ɗus, cikin ƙasar da yau ake kira Iran. Ubanshi ya rasu shina ƙarami, ya bar shi da ɗan'uwanshi Ahmadu hannun wani aboki. Masu tarihi sun ce da ƴan kuɗin gadon sunka ƙare, abokin nan, wanda shi ma talaka ne, ya ce masu su shiga makaranta, don can ana ba almajirai abinci. Ka ji fa. Babban malamin da duniya ke ambato, yunwa na cikin abin da ya fara kai shi makaranta. Kada ka raina yaron da ya tafi karatu don neman abin sawa baki.

Yaron ya fito da kai mai kyau ƙwarai. Ana ba da labari wata rana shina komowa daga neman ilimi, ƴan fashi sunka tare ayarinsu, sunka kwashe kaya har da jakar takardunshi. Ya bi su shina roƙo su maida mashi, ya ce iliminshi duka na ciki. Babban ƴan fashin ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilimi ne wanda in an ɗauke jaka ya tafi. Ya jefa mashi abinshi. Maganar ta soke shi. Ya zauna shekara 3 shina hardace abin da ya rubuta.

Daga nan ya tafi Naisabur wajen babban malami Juwaini, wanda ake yi wa laƙabi da Imamul Haramaini. Da malamin ya rasu a 1085, Gazali ya koma fadar waziri Nizamul Mulki. Wazirin nan ya gina manyan makarantu cikin birane, ana ce masu Nizamiyya, da albashin malamai da abincin ɗalibai. Su ne jami'o'in wancan zamani. A 1091 ya naɗa Gazali malami a Nizamiyya ta Bagadaza, shina da shekara 33. Ɗalibai 300 ke zama gabanshi. Sarakuna na neman shawararshi. In da a garinku yake, da kowane uba ya riƙa nuna shi ga ɗanshi shina cewa: ka ga yadda ake zama mutum.

Abin da ke cikin zuciyarshi kuwa, ba wanda ya sani, sai da shi da kanshi ya rubuta shi kusa da ƙarshen rayuwarshi, cikin wani ƙaramin littafi mai suna Almunƙizu minad Dalal, wato mai tsamo mutum daga ɓata. Cikin littafin nan ya ba da labari cewa tun kafin shi kai shekara 20 ya lura da wani abu. Ɗiyan Kirista suna tashi Kirista. Ɗiyan Yahudawa suna tashi Yahudawa. Ɗiyan musulmi suna tashi musulmi. Sai ya tambayi kanshi: abin da na yarda da shi, na yarda ne don gaskiya ne, ko don shi na tarar a gida?

Ɗan'uwa, ka gane tambayar? Ita ce wadda ɗanka ya jefo maka wajen cin tuwo. Shekara fiye da 900 ke tsakaninsu. Gazali bai shiga lakwal ba, bai ji faransanci ba, bai taɓa ganin mushe ba. Cikin makarantar addini tsantsa tambayar ta same shi. Don haka wanda ya ce maka boko kaɗai ke haifar da ita, bai faɗi gaskiya duka ba. Tambaya ce da ke jiran duk mai hankalin da ya fita garinsu, ya ga mutanen kirki waɗanda ba su bin abin da shike bi. Ƴan ci-rani ma sun san ta. Kuma ba gidan musulmi kaɗai take shiga ba. Kiristocin ƙasarmu su ma suna ganin ɗiyansu sun komo daga karatu sun daina zuwa majami'a.

Gazali bai tsaya nan ba. Ya ce bari shi nemi abin da babu shakka cikinshi ko kaɗan. Ya fara da ido, tunda an ce gani ya kori ji. Sai ya tarar ido ma na ƙarya. Dubi inuwar icce: ido na ce maka tsaye take. Je ka komo bayan ɗan lokaci, ta gusa, alhali ba ka ga tafiyarta ba. Dubi tauraro: ido na ce maka bai fi kwabo ba, masu lissafi kuwa sun nuna ya fi duniyarmu girma. To ido ya faɗi. Saura hankali, wanda ke cewa 10 ta fi 3. Nan ma wani tunani ya zo mashi. Mai barci in shina mafarki, ya yarda da duk abin da shike gani, sai ya farka shi gane ba kome ba ne. To wa ya san ko wagga rayuwa tamu ma akwai wata farkawa bayanta, wadda za ta ƙaryata hankali yadda hankali ya ƙaryata ido?

Kusan wata 2 ya yi cikin wanga hali. Bakinshi na faɗin abin da kowa ke faɗi, zuciyarshi ba ta riƙe kome ba. Shi da kanshi ciwo ya kira abin. Ya kuma ce ba hujja ce ta warkar da shi ba, ba gardama ba. Wani haske ne Allah ya jefa cikin ƙirjinshi, hankalinshi ya komo ya zauna.

Akwai wani misali da ya ba da, wanda nike so ka riƙe. Ya ce imanin da mutum ya gada ba tare da bincike ba, kamar kwalba yake. Muddin bai san gado ne ba, tana nan lafiya. Ranar da ya gane, ta fashe. Mu mun san ƙwarya: in ta tsage, mai ɗinki shi ɗinke ta, a ci gaba da dama fura. Kwalba ba ta ɗinkuwa. Sai dai a maida ta wuta, a narke ta, a ƙera sabuwa. Abin nufi, yaron da ya riga ya yi tambayar ba za ka iya maida shi yadda yake kafin ya yi ta ba. Ko ka dake shi, ko ka yi kuka, waccan kwalba ta tafi. In zai samu imani, sabo ne zai samu, wanda ya sha wuta, nashi na kanshi. Wannan magana tana da ɗaci ga uba. Ni dai ina ganin gaskiya ce.

Ciwo na biyu ya zo mashi daga makarantar kanta. Shina Bagadaza, kan kujerar da kowane malami ke kwaɗayi. Ya ga abin da ke gudana. Malamai na gardama gaban manya don a ce wane ya kada wane. Ana neman muƙami da ilimi kamar yadda ake neman riba da haja. A 1092 anka kashe waziri Nizamul Mulki, bayan kamar wata guda sarki Malikshah ya mutu, ƴaƴan sarauta sunka shiga faɗan gado. Cikin wanga rikici Gazali ya juya ya dubi kanshi, ya yi wa kanshi tambayar da mutane kaɗan ke iya yi: karatun nan da nike ba da wa, don wa nike ba da shi? Amsar da ya samu ba ta yi mashi daɗi ba. Ya tarar don suna ne da girma, ba don Allah ba.

Wata 6 ya yi shina ja da zuciyarshi, cikin shekara ta 1095. Da safe shi ƙudura zai bar kome, da marece sha'awar duniya ta kwance ƙudurin. Daga ƙarshe jiki ya yanke hukunci. Ya zo gaban ɗalibai, harshe ya ƙi motsi, ko kalma guda ta kasa fita. Abinci ya ƙi zama cikinshi, har ruwa ya gagara. Likitoci sunka duba, sunka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba su da maganinshi sai damuwar ta kau.

Tsaya nan kaɗan. In ka ga ɗanka ya rame, ba shi barci, ba shi son shiga mutane, kada ka ce lalaci ne ko girman kai irin na ƴan birni. Damuwar zuciya tana kada mutum kamar yadda zazzaɓi ke kada shi. In abin ya yi tsanani, har ya daina cin abinci ko ya fara cewa ya gaji da duniya, a kai shi likita, kada a tsaya jira.

Cikin watan Nuwamba na 1095 Gazali ya bar Bagadaza. Ya ce wa mutane hajji za shi, don kada a hana shi tafiya, alhali Sham ya nufa. Ya raba dukiyarshi, ya bar wa iyali abin da zai ishe su. Ɗan'uwanshi Ahmadu ya hau kujerar. Ya zauna Dimashƙa, shina hawa hasumiyar babban masallaci shi rufe ƙofa shi wuni shi kaɗai. Ya je Ƙudus. Ya je Halil, wajen kabarin Annabi Ibrahim, ya yi alkawali ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba, ba zai ƙara zuwa fada ba, ba zai ƙara shiga gardamar nuna gwaninta ba. Ya yi hajji a 1096. Daga baya ya koma garinsu. Shekara wajen 11 ya yi bai hau kujerar babbar makaranta ba. Cikin shekarun nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, littafi mai kashi 40, wanda har yau malamanmu na zaure ke karantawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, shina ambaton Gazali cikin rubuce-rubucenshi. A 1106 Gazali ya koma koyarwa a Naisabur. Ya rasu a Ɗus a 1111. Musulmi sunka yi mashi laƙabi da Hujjatul Islam.

Yanzu ka yi tunani. Da a ce ranar da yaron nan na Ɗus ya fara tambaya, wani ya sa sanda ya rufe mashi baki, ko ya fidda shi makaranta ya tura shi kiwo, mi za a samu? Za a samu mutum mai shiru, shina salla cikin sahu, tambayar na cin shi a ciki kamar gara. Littafin da limaminku ke ji da shi kuwa, da babu shi.

Amma kada in ruɗe ka. Ba kowane mai shakka ba ne Gazali, kuma ba kowane ke komowa ba. Wani yaro shakkarshi ta neman gaskiya ce, tana hana shi barci. Wani kuwa barcin asuba ne ya yi mashi daɗi, ya nemi hujja ya jingina. Wani kwaikwayon abokai ne kawai. Gazali ma ya yi maganar irin waɗannan: mutum shi ji an ce masu ilimin lissafi ba su damu da addini ba, shi ma shi bi, don a ce da shi wayayye. Ya bar bin uba ya koma bin aboki, bai bincika kome ba. Ƙaƙa za ka rarrabe su? Dubi sauran halinshi. In shina faɗin gaskiya, shina tausayin uwarshi, shina ɗaukar hauya shi bi ka gona, tambayar kuma ka ga tana ba shi wahala, to ba ɗan iska ne gare ka ba. Mai neman hanya ne.

Akwai abin da ya kamata mu manya mu ji, ko ba mu so. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gazali ya tambayi mutanen zamaninshi dalilin da ya sa sunka yi sanyi da addini. Cikin amsoshin da ya samu har da wagga: sun ga malami wane na cin dukiyar marayu, wane na karɓar toshiya wajen shari'a, wane na bin ƙofar sarki. Sai su ce da abin gaskiya ne, da masu iliminshi sun fi kowa kiyaye shi. Shi ya amsa masu da misalin magani: mutum na iya yarda da likita, amma kwaɗayi shi sa shi ci abin da anka hana shi, wannan kuwa bai mai da maganin ƙarya ba. Amsa ce mai kyau. Sai dai yaro mai shekara 20 ba da kunne kaɗai shike koyo ba. Ya ga mai tasbaha na tauye mudu. Ya ga an ɓoye hatsi cikin rumbu sai bazara ta yi tsanani a tsauwala kuɗi. Ya ga an aurar da ƙanwarshi tana kuka. Ya je birni ya ga wanda ya fi kowa yawan zuwa Makka shi ne ya cinye kuɗin jama'a. Kafin littafin nasara shi taɓa shi, mu munka fara tsaga bangon.

Wani kuskuren kuma na masu son addini ne da jahilci. Gazali ya zauna kusan shekara 2 shina karanta littattafan masana falsafa, waɗanda sunka gaji ilimin Yunanawa, kafin shi buɗe baki shi yi masu raddi. Ya ce wanda ya soki abin da bai sani ba, jifa cikin duhu shike yi. Da ya gama, bai watsar da kome da kome ba. Ya ware. Lissafi da ilimin tafiyar rana da wata, ya ce babu abin musu cikinsu. Masana sun ce husufin wata na faruwa ne in duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, har suna iya faɗin ranar da zai faru tun bai zo ba. Gazali ya ce wanda ya ƙaryata wannan da sunan kare addini, ɓarna ya yi wa addini babba. Don wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinshi ba, addinin zai yi wa shakka.

Ka ga inda maganar ta shafe mu. Yaro ya koyi cewa sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ya ga ƙwayar cutar da idonshi cikin madubin likita. Ya zo gida an ce mashi ƙarya ce, wanda ya yarda da haka ya yi saɓo. To ka sa shi zaɓe tsakanin abin da ya gani da abin da ka ce, kuma kai ka ɗaura addini a gefen da zai faɗi. Addini bai ce ka yi haka ba.

Game da ɓacin ranshi da jami'a, shi ma kada ka ce shagwaɓa ce. An kafa jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, a 1992 anka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin nan da ya yi aiki kan ƙarfin hasken rana. Lokacin da masu ilimin boko ke kaɗan, wanda ya gama karatu aiki na jiranshi. Wannan zamani ya wuce. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sunka fito zanga-zanga, anka buɗe masu wuta a gadar Kennedy, 3 sunka mutu. Shekarun da sunka biyo baya karatu ya yi ta tsayawa. A 2010 Maraɗi da Damagaram da Tawa kowace ta samu jami'arta, ɗalibai sunka yawaita, aikin gwamnati bai yawaita tare da su ba. Mu kuwa a ƙauye har yanzu muna yi wa yaro kallon rumbun da zai ciyar da gida. Shina ɗauke da burin mutum 20 a ka, ya kuma san abin da ba mu sani ba, cewa takardar ba lalle ta haifi albashi ba. Wani lokaci fushin da kake gani shina yi da Allah, tsoron haɗa ido da kai ne.

Wani marubucin Senegal, Shaihu Hamidu Kan, ya fidda wani littafin ƙagaggen labari da faransanci a 1961, kan wani yaro Samba Jallo. Ya yi makarantar allo wajen malami mai tsanani, anka kai shi lakwal, ya wuce Faransa karatun falsafa, ya komo ya kasa salla. Ƙarshen labarin, wani mahaukacin gari, mai ƙaunar tsohon malamin, ya matsa mashi shi yi salla, da bai yi ba ya kashe shi. Marubucin ya san abin da ya sa ya ba mahaukaci wanga aiki. Da ƙarfi ana iya sa goshi ya taɓa ƙasa. Zuciya ba ta da wuyan da za a danna.

Littattafan addini kansu ba su tsorata da tambaya yadda muke tsorata ba. Cikin Suratul Baƙara an ba da labarin Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangiji shi nuna mashi yadda ake rayar da matattu. Malamai sun ce ba shakka ya yi ba, natsuwar zuciya ya nema, kuma ba a kore shi ba, an nuna mashi da tsuntsaye 4. Cikin Sahihu Muslim kuma an ruwaito wasu sahabbai sun kai kuka wajen Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, cewa suna jin wasu tunane-tunane cikin ransu waɗanda ba su iya ko furtawa don nauyinsu. Bai tsine masu ba. Ya shaida masu cewa wannan alamar imani ce ta ainihi. Malamai sun bayyana cewa jin nauyin abin shi ne alamar.

To mi ya rage gare ka, kai uba? Ba ni da laya. Abin da nike gani shi ne, kada ka yi mashi baki, kada ka kore shi. Hannunka ba shi ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da anka kora, wanda ya fara buɗe mashi ƙofa shi ke samunshi, kuma masu buɗe ƙofar ba duka ne mutanen kirki ba. Wasu kwalba za su miƙa mashi. Wasu kuma wani addini mai zafi za su ba shi, wanda zai komo da shi shina kafirta ka kai kanka. Wannan ma mun gani.

In ya yi tambayar da ba ka da amsarta, ka ce ba ka sani ba. Girmanka ba zai ragu ba. Na san al'adarmu: uba ba shi sakewa da ɗanshi, balle ɗan fari, wanda ko sunanshi ba a faɗi. To ai don haka Allah ya yi kawu, ya yi gwaggo, ya yi kaka wadda ke wasa da jika. Abin da ba zai iya gaya maka ba, zai gaya wa tsohuwa suna dariya. In za a kai shi wajen malami, a zaɓi mai haƙuri, wanda ya yi karatu mai zurfi, ba wanda zai fara da zagi ba. In ɗiya mace ce ta komo da irin wanga hali, kada a ce maganinta aure da gaggawa. Tambayar za ta bi ta har ɗakin miji.

Kana da iko ka ce mashi a gidanka ana tashi da asuba, ba a yi wa addini ba'a gaban ƙanne. Wannan haƙƙinka ne, shi ma ya san haka. Abin da ke cikin ƙirjinshi kuwa ba hannunka yake ba. Gazali wata 2 ya yi cikin ciwon farko, na biyu ya ci mashi shekaru. Ɗanka zai iya ɗaukar fiye da haka. Zai yiwu ka rigaye shi barin duniya ba ka ga ƙarshen abin ba. Zai yiwu kuma wata asuba, shekaru nan gaba, ranar da anka haifa mashi ɗa ko ranar da ya sa ka cikin kabari, ka ji ko kada ka ji, shi ɗauki buta ba wanda ya tashe shi.

Hutu na ƙarewa, farkon Oktoba zai koma. Ka sa a daka mashi gari, a ƙulla mashi ƙuli-ƙuli da yaji kamar bara. Ka raka shi tasha da ƙafarka. Ƙannenshi kuma, ranar da lakwal ta buɗe, a wanke masu riguna su tafi.